Shekarar da Muka Ci Iri

Wana yana nan da ransa a Dogon Dutsi. Na faɗa tun farko don kada wani ya ce na jira ya mutu sannan na buɗe baki. Ya kusa tamanin, ya tara gemu fari fat, wandonsa bai kai idon sawu ba, kuma kullum bayan la'asar ana shimfiɗa masa tabarma a ƙofar shagon ɗansa, samarin 'yan kasuwa su kewaye shi yana ba su labarin da. In na shigo cin kasuwa nakan bi ta ɗaya gefen kwalta, amma muryarsa takan tsallako ta same ni. Wai shi ya ga tarihi da idonsa. Yaƙin Najeriya, saukar Nasara a kan wata, husufin rana, babban fari, ranar da soja suka karɓi mulki, duk yana nan, duk ya riga kowa ji. Yaran nan sai su saki baki, wani ma ya ɗaga waya yana ɗaukar muryarsa. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Abu guda yake tsallakewa, shi ne abin da ya yi da irin gidanmu. To, ni zan faɗa.

Mu biyu ne maza wajen mahaifinmu, shi babba, ni ƙarami. Ƙauyenmu yana kan jigawa tsakanin Dogon Dutsi da Geceme. Ƙasa ce ta rairayi, ba abin da take so sai hatsi, wato gero, da ɗan wake a tsakani. Dawa sai can fadama, mu kuwa ko taki ɗaya ba mu da shi a fadama. Gandu ɗaya muke nomawa dukanmu, rumbu ɗaya muke ci, kowane mai aure kuma yana da 'yar gamanarsa, wato gonar kansa, da yake taɓawa da yamma in an tashi daga gandu.

Hatsin gidanmu daban yake da na mutane. Zangarniyarsa ta fi kamu tsawo, tana da gashi da ke tsone wa tsuntsu ido, kuma yana nuna da wuri. Baba ya ce wajen kakansa ya gaje shi. Duk kaka, kafin a fara yanka, shi kaɗai yake shiga gona da sassafe, ya bi kunya-kunya yana lanƙwaso kara yana dubawa. Wannan ya bari, wancan ya yanke. Abin da ya zaɓa ya ɗaure shi da kaba, ya barbaɗe shi da toka, ya hau rumbu da kansa ya ajiye a ƙurya. Shi ne damin iri. Mace ba ta taɓa shi, yaro ba ya taɓa shi, ƙane ba ya taɓa shi. Maigida kaɗai ke ajiyewa, shi kaɗai ke saukewa ranar shuka. Na taɓa ganin an yi bazara mai tsanani muna shan ruwan dusa, dami yana sama, ba wanda ya ko ɗaga kai ya kalli rumbu.

Ni nake bin Baba ina riƙe masa kaba. Wana ba ya nan. Shi aka kama lakkwal, wato makarantar boko, daga gidanmu, ya yi 'yan shekaru ya dawo da Faransanci rabi da rabi da hannu mai laushi. Hauya ta sa masa kanta sau ɗaya ya ce ba zai iya ba. Ya zama karen mota, yana bin kamiyon gyaɗa. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Najeriya, goro ya yi wuya, atamfa ta yi wuya, shi yana ta shige da fice a kan iyaka, kuma daga can ya dawo mana da akwatin rediyo mai rigar fata. Daga ranar nan gidanmu bai sake jin shiru ba. Rediyo na magana, shi yana magana a kan rediyo.

Ina tuna ranar da ya kawo labarin wata. Damina ce, muna cikin maimai ni da Baba, gumi har cikin ido. Sai ga shi ya ratso gona da takalmi, yana tattake mana wake, rediyo a kafaɗa.

"Baba! Mutanen Amirka sun sauka bisa wata! Sun taka shi da ƙafa!"

Baba ya dogara da hauya ya dube shi, ya dubi waken da ya taka. Ya ce, "To, madalla. Sun iske ruwa can?"

"Babu ruwa, Baba."

"Sun yi shuka?"

"Haba Baba, wace irin shuka?"

"To ɗauki hauya."

Bai ɗauka ba. Ya juya ya nufi gari, inda ake sauraronsa. Malamai suka ce ƙarya ce, 'yan bori suka ce in ma gaskiya ne to an taɓa abin da ba a taɓawa, shi kuwa ya yi mako yana yawo gida-gida kamar shi ya tuƙa su. Wannan kakar ita ce ta ƙarshe da Baba ya zaɓi iri. Da rani ya kwanta, bai tashi ba. Gida ya koma hannun wana, gandu da rumbu da dami duka, don shi ne babba. Ba wanda ya tambaya ko ya san zangarniya mai kyau in ya gan ta.

Sai na yi bayanin Inna, don 'yan yanzu ba za su gane ba. Wana ɗan farinta ne, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun yana jariri kakarmu ce ta ɗauke shi. In Inna tana da magana da shi sai ta kira ni, ko da yana zaune gabanta, ta ce, "Ka ce ma wancan rumbu na yoyo." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, Inna ta ce rumbu na yoyo." Haka muka tashi, kuma ba mu taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Ni ne bakin Inna a gidan nan.

Bayan rasuwar Baba damina ta fara ƙwauro. Kowace shekara ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri. Gyaɗa ta mutu, kamiyo suka daina zuwa, wana ya dawo gida ya zauna dungurungum da rediyonsa. Ni nake zaɓen iri, in ɗaure, in miƙa masa ya hau ya ajiye, yana ajiyewa yana ba ni labarin Najeriya ta sauya hannun tuƙi, Najeriya ta sauya kuɗi. Oho dai. Ni tsohon hatsin Baba nake kallo yana raguwa a rumbu.

Abin da ya gama lalata mana shi husufin rana ne. Kwanaki kafin abin ya fito dandali ya ce rediyo ta ce rana kaza, kafin azahar, rana za ta dushe, kada kowa ya kalle ta da ido. Aka yi masa dariya. Wani tsoho ya ce ɗan lakkwal ya fara taɓuwa. Ni ma na yi dariyata, har da riƙe ciki. Ranar ta zo muna gona muna duban shukar da ta ƙi fitowa, sai haske ya fara canzawa. Ya yi ja-ja, ya yi sanyi, kamar la'asar ta faɗo tsakiyar hantsi. Muka ruga gari. Mata suka fito da turame da ƙwarya suna bugawa, yara na kuka, liman ya tara mutane salla, wata tsohuwa 'yar bori ta faɗi tana birgima tana cewa doguwa ta yi fushi. Shi kuwa gogan yana tsaye bakin rijiya, hannu a baya, yana murmushi. Wallahi har yau ban manta murmushin nan ba.

Daga ranar ba mai musu da shi. Tsofaffin da suka yi masa dariya su ne suka koma zuwa gaishe shi da safe suna tambaya, "Mi akwati ya ce yau?" Ba shi ya dushe ranar ba, ji kawai ya yi ya maimaita, aku ma zai iya. Amma mutane sun tsorata, shi kuma ya ɗauka kansa ne ya yi girma.

Daminar nan ita ce ta kashe mu. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, ya bushe a tsaye. A wani ɗan kwari can ƙarshen gandu, inda ruwa ke kwanciya, nan kaɗai ya fitar da kai. Na bi shi ɗaya-ɗaya na zaɓi na zaɓa, na haɗa da ɗan ragowar na bara, ya yi dami guda ƙarami. Na ɗaure, na sa toka, na miƙa wa wana. Sauran kuwa ko wata biyu bai kai mu ba.

Ba zan tsaya ba da labarin yunwar nan ba, duk wanda ya kai shekaruna ya sani. Shanun Fulani suna mutuwa a bakin rijiya, mutanen arewa suna gangarowa da yara a kafaɗa, mata suna jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ana tona gidan tururuwa ana kwashe abin da suka tara. A lokacin ina da mata da ɗiya guda, ba a daɗe da yaye ta ba. Wana yana da mata da yara uku. Ga Inna. Na ga in ban fita ba duk za mu kwanta, sai na shirya in tsallaka wajen Argungu in nemi aikin ƙarfi.

Da safen da zan tafi na same shi gindin rumbu. Na ce, "Yaya, damin nan shi kaɗai ya rage. Ko mi za a yi, kada a taɓa shi."

Ya ɗago kai daga rediyo ya ce, "Kai za ka koya mini riƙon gida?"

Inna tana bakin ɗakinta tana tsinke zogale. Ta ce da ni, "Tafi abinka. Ina nan." Na tafi da wannan maganar. Ban yi tunani ba cewa in na tafi na tafi da bakinta.

Na yi ranin nan ina ga-ruwa, ina kwaɓa ƙasa, ina dako. A can na ji soja sun karɓi mulki a ƙasarmu, na ji an ce kamiyo suna ta shigo da abincin taimako. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai za su sami abin kai su shuka. Da na ga hadari ya fara haɗuwa gabas sai na ɗaure garin rogon da na tara, na kamo hanya. Ruwan shuka ya riga ni. A hanya na ga gonakin mutane sun tsiro, layi-layi, siriri kamar allura, raina ya yi fari.

Ban shiga gari ba, na ratsa ta gandunmu tukuna. Tun daga nesa na ga wani abu ba daidai ba. Na sauke kaya na tsuguna. Tsiron nan ganyensa faɗi gare shi, gajere, mai kauri. Na tona gindin ɗaya da yatsa, na ciro, ga ɓawon ƙwaya ja maƙale a saiwa. Dawa. Na tona na biyu, na tona na uku, na ruga tsakiyar gona na tona, na je har kwarin nan na tona. Dawa, dawa, dawa, a kan rairayin da ko kakan kakana bai taɓa jefa dawa ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Ban yi sallama ba, ban gaida Inna ba, na haye rumbun da ba ni da ikon hawa na ɗage murfi. Ƙurya wayam. Sai kabar da na ɗaure da hannuna, an kwance ta an yar, da tokar da ta zube.

Matata ce ta ba ni labari, tana yi tana kallon ƙasa. Abincin taimakon da aka samo daga Dogon Dutsi wata jar dawa ce ta ƙasar Amirka, mai tauri kamar tsakuwa. A daka ta ƙi dakuwa, a dama ta ƙi damuwa, yara suka ci cikinsu ya ɓaci. Duk gari haka aka yi fama, har mata suka gano a jiƙa ta da ruwan toka ta kwana, a surfe sau biyu, sai ta ciwu. Ba daɗi, amma ta ciwu. Wana bai jira wannan ba. Ya tara gida ya ce ya yi tunani. Wannan dawa, in ji shi, ta mutanen da suka taka wata ce. Rediyo ta ce a ƙasarsu gona guda tana ciyar da birni. Wauta ce a ci irin mutanen nan a bar na ƙauye a rumbu. Abin da za a yi, a daka damin a yi wa yara fura, jar dawa kuma a ajiye ta a shuka.

Matarsa ta ce ba da hannunta ba. Matata ta ce ba da hannunta ba. Ya hau da kansa ya sauko da shi, ya kwance, ya watsa a gindin turmi, ya ce wadda ba ta daka ba ta san hanyar gidan ubanta.

Inna fa? Inna ta fito ta tsaya, ta juya masa baya kamar yadda ta saba, ta fuskanci danga. Ta ɗaga murya ta ce, "A ce ma mai gidan ga iri ba abinci ba ne. A ce mishi ubanshi bai taɓa yi ba. A ce mishi in anka ci wanga an ci gida." Tana faɗi tana maimaitawa, hawaye na zuba. To wa zai ce masa? Surukai mata ba su isa su ɗauki maganar uwa su kai wa maigida ba. Ni da ke kaiwa ina Argungu ina ɗaukar ruwa. Yana jin ta sarai, taku biyu ne tsakaninsu. Kun san abin da ya ce? Ya dubi matan ya ce, "Ni ba a yi magana da ni ba. Ku daka."

Wannan kalmar ce ban yafe ba. Yunwa takan sa mutum ya yi abin kunya, na sani, na ga waɗanda suka fi shi sun yi. Amma ya ɗauki kunyar da uwarsa take yi masa, girman da take ba shi tun yana cikin zane, ya toshe kunnensa da ita. Tir da wannan hali.

Inna ta aika aka kira liman, abokin Baba ne. Ya zo ya tsaya bakin zaure, ya yi 'yan kame-kame, ya ce ai yaron nan shi ya gaya mana zancen rana, wa ya sani ko ya ga abin da ba mu gani ba. Ya juya ya tafi. Shi dai bai ci nasa irin ba, ba kuma wanda ya ci nasa a duk garin. Gidanmu kaɗai. Aka daka, aka yi fura, ta yi 'yan kwanaki ta ƙare. Inna ko kurɓa ba ta yi ba.

Ina cikin jin wannan sai ga shi ya shigo, ya ce, "A'a, mutanen Najeriya! Saukar yaushe?"

Na ce, "Ina iri?"

"Yana gona. Ba ka biyo ta can ba?"

"Ina irin Baba?"

Ya ce, "Kai, duniya ta wuce nan. Ka bari kaka ta yi, kai da bakinka za ka gode mini."

Akwai sungumi jingine da rumbu. Ban san sanda ya zo hannuna ba. Matata ta rungume ni ta baya tana salati, matarsa ta kwashe yara ta yi ɗaki. Shi kuwa ya ja da baya ya nuna ɗiyata da ke zaune bakin murhu, ya ce, "Ɗiyarka ma ta sha. Tambayi uwarta in ƙarya ne. Ba don furar nan ba, da ka iske kabarinta."

Na yar da sungumin. Ta sha, gaskiya ne. Na yi shekaru ina juya maganar nan a raina. Amma gidan da ke jikin namu ma akwai yara, sun ci jar dawar da ruwan toka sun rayu, kuma iyayensu sun fita shuka da hatsi a ƙwarya. Ba don ɗiyata ya yi ba. So yake gari ya sake tsayawa ya kalle shi kamar ranar husufi.

Washegari na bi gida-gida neman iri, ni ɗan mutumin da ake zuwa roƙo wajensa. Kowa ya riga ya zuba nasa a ƙasa. Na tambayi waɗanda Baba ya taɓa ɗiba wa namu, ko da saura. Wani ya ce nasa ya ƙone a binne tun bara waccan, wani ya ce ya garwaye da wasu tun tuni. Na taka har Geceme wajen wata gwaggonmu, ta ce nata ya tafi shekarar da aka yi shuka uku. Ta tambaye ni, "Ku da ke da uwar iri, mi ya same ku?" Na ce mun ci. Ta dube ni ta kama baki. Surukina ne ya kakkaɓe buhu ya ba ni ɗan abin da bai cika tafi biyu ba, na zuba a gamanata.

Sai Allah ya saki ruwa. Kai, an yi ruwa shekarar nan! Bayan duk wahalar da aka sha, sama ta buɗe kamar ba ita ba. Hatsin mutane ya tashi ya rufe mutum, in ka shiga gona ba a ganin hularka. Mu kuma muna tsakiya da abin kunyarmu. Dawar ta kai gwiwa ta tsaya. Ruwa ya wanke rairayin, ganye ya yi rawaya, ƙuduji ya kama ta. Ta yi saurin fitar da ɗan kai kamar dunƙulen hannun yaro tun ba abin da ya nuna a dajin, tsuntsayen duniya suka taru a kanmu. Abin da suka bari ruwa ya sa masa funfuna, ya yi baƙi.

Kuma na nome ta. Noman fari da maimai duk na yi, don gandu gandu ne, ƙane ba ya ƙin fita. Masu wucewa su tsaya bakin gona su ce, "Sannu da aiki. Yaya dawar wata?" Haka suka sa mata suna. Da fari wana yana zuwa yana cewa a dakata, irin mutanen Amirka daga baya yake yunƙurawa. Daga baya ya daina zuwa. Batirin rediyonsa ma ya ƙare ba abin saye, ya zauna a zaure shi da akwati duk sun yi shiru. 'Yar gamanata ita ta riƙe mu, ita ma tun tana tumu muka gasa muka cinye.

Kaka ta yi. Gari ya cika da jakuna da amalanke, damma suna ta shigowa, ana gyaran rumbunan da suka shekara uku ba kowa ciki, dare bai yi ba ka ji sussuka ta ko'ina. Abin da muka kwaso daga gandu duka, gandun da Baba yake cika rumbu fal da shi, a kai na ɗauko shi, sawu ɗaya.

A wajenmu in an gama yanka aka kwashe damma, akan bar gona ga masu kala. Marasa gona, da tsofaffin da ba su da kowa, da yaran baƙi, su ke bi suna tsintar zangarniyar da ta faɗi ko aka raina. Wata rana da hantsi na dawo daga neman aikin ɗaurin dami, na ratso ta gonar liman, sai na hango wata tsohuwa duƙe cikin kara da ƙwarya, yaran Buzaye suna gabanta suna rige ta. Na san zanen. Na ƙarasa na ce, "Inna, mi kike yi nan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Abin da ka gani."

"Don Allah tashi mu tafi. Ni zan nemo. Mutane na kallo."

"Su kalla. Matsa, ka taka mini ɗaya."

Kwana da kwanaki tana fita. Ba ta bari a daka abin da ta kawo ba, a ɗakinta take tarawa. Ranar da kala ta ƙare, bayan la'asar, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta juye. Duk muna nan. Ta zauna tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana juyawa. Tarkace ne, wani tsuntsu ya ci rabi, wani guntu, wani na gonar wane, wani na gonar wane. Ta ware masu ɗan dama-dama gefe guda, ta tura sauran wajen matan ta ce su daka. Waɗanda ta ware ta haɗa kansu, ta yage bakin zanenta ta ɗaure, ta ɗebo toka a murhu ta barbaɗa.

Wana ya gane abin da ake yi. Ya taso daga zaure, ya gyara riga, ya zo ya tsaya gabanta ya miƙa hannu, don shi ne mai ajiyewa. Inna ta kira sunana. Na matso. Ta zagaye hannunsa ta ɗora mini a nawa.

Matar da ta ɗaga taɓarya ta tsaya da ita a sama. Hannunsa yana nan a miƙe. Ya ce, "Inna, ni ne babba."

Ta ce da ni, "Hau ka ajiye."

Kowa a wurin ya san ma'anar abin. Gandunmu ya rabu ke nan, da ran uwarmu, abin da ake ɗauka babban abin kunya, kuma ita ta raba da hannunta. Na zaci zan ji daɗi. Na yi watanni ina jiran ranar da za a kunyata shi gaban matarsa da 'ya'yansa, ga ta ta zo.

Na hau na ɗage murfi na dira ciki. Rumbun Baba, ba komai sai warin ɓera. Na tsuguna a ƙurya na dubi abin da ke hannuna. Duka-duka bai fi a riƙe da hannu ɗaya ba, guntaye, ba gashi, abin da mutane suka taka suka wuce. Na nemi zangarniya ɗaya tamu a ciki, ko guda, na kwance ƙullin na baza na sake dubawa. Babu. Daga waje na ji Inna tana ce wa matan su ci gaba da daka, na ji taɓarya ta sauka. Na daɗe a ciki ban fito ba.